Ƙarshen da Na Yi wa Kawu

Littafin ya girme ni. Wata malamar firamare 'yar Kudu ce ta ba Innarmu shi a Nguru, tun Inna tana yarinya. Labarin wata ƙatuwar dabba ce mai gashi ruwan ƙasa, wai ita beya. Babu irinta a ƙasarmu, mu a gida Kawu muke ce masa. A shafin ƙarshe da ya rage Kawu ya zura baki cikin kwandon masunci, kwandon ya maƙale, ga wata yarinya tsaye tana kallonsa. Sauran shafukan gara ta cinye.

Inna takan ƙarasa da cewa yarinyar ta ruga gida ta kira babanta. Ni ban so haka ba. Da na shiga sakandare na karɓi karanta wa autarmu, sai na canza: yarinyar ta cire kwandon da hannunta, Kawu ya goya ta har gida. Shekarar auta biyar. Kullum bayan la'asar sai na maimaita mata.

Wata biyu ke nan da muka je Gashuwa duba goggonmu. Aka aike ni kasuwa sayen kifi, auta ta maƙale mini. A bakin tasha muka tarar da gardawa suna wasa da biri, jama'a sun yi da'ira. Kurarsu kuwa sun ɗaure ta a jikin wata tsohuwar taya can gefe, da takunkumin igiya saƙaƙƙe a baki.

"Yaya, ga Kawu! Kwandon ya kama shi."

"Ke dalla, kura ce," na ce, idona yana kan birin. Ban san lokacin da ta zare hannunta daga nawa ba.

Ƙarar ƙashi na fara ji kafin kukanta. Ashe ta je ta ja ƙullin da ke bayan kunnen kurar, takunkumin ya zame. Kurar ta haɗa haƙora a hannunta na dama tana jijjiga ta, kan yarinyar yana bugun taya. Gardi ya zo da kulki yana ta maka wa kurar a hanci, ba ta saki ba. Wani mahauci ya zura mata ƙarfe tsakanin haƙora. Da bakin ya buɗe, yatsu biyu babu. Jama'a suka rufe gardin da duka, da katako, da bulo, har kunnensa ya yage. Ni ina tsaye da ledar kifi. Wata mai tallan awara ce ta yaye mayafina ta ɗaure hannun, ta tura mu cikin keke napep.

"Baiwar Allah, riƙe ta mana! Ba ƙanwarki ba ce?" in ji mai awarar.

Har yau in kare ya yi haushi a layinmu, ɗaki nake shigewa. Inna ba ta san ni na canza labarin ba, ban iya faɗa mata ba.

Jiya auta ta jawo littafin da hannun hagu, ta aje mini a cinya. Inna tana zaune tana tsince shinkafa. Muka kai shafin kwandon, na ce:

"Sai yarinyar ta ruga gida ta kira babanta."

"Ba haka ba ne, Yaya. Kullum ce mini kike yi ta cire masa da hannu."

Inna ta daina tsintar, ta ɗago kai ta dube ni.