Akuyar Inna da Bawul ɗin Taraktar Baba

Wata safiyar Litinin cikin watan Yunin 1979, ana ta shirin zaɓen da zai mayar da soja bariki, na fito da allon makarantar boko a hammata na tarar da Baba tsaye a ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, ya riƙe ƙugu yana kallon taraktarsa. Ta karkace gefe guda kamar tsohuwa mai ciwon kwankwaso. Babbar tayar baya ta kwanta, ruwa ya yi ɗan tafki a ƙarƙashinta, agwagin maƙwabta har sun fara wanka. Baba ya tsuguna ya taɓa bawul ɗin, wato ɗan bututun nan da ake hura wa taya iska ta cikinsa, ya ji ya tsage daga gindi. Karo na biyu ke nan cikin kwana goma. Ya miƙe ya dubi shagon Malam Habu tela da ke tsallaken hanya, ya ce, "Wannan aikin siyasa ne."

Na ce taraktarsa, amma ta wani Alhaji ce a Tarauni, Baba direba ne kawai. A lokacin, da ka wuce gidajenmu kaɗan sai gonaki, har Ƙauyen Alu, kuma da saukar damina kowa Baba yake nema ya yi masa huɗa. Ruwa ake ɗura wa manyan tayoyin don su yi nauyi su kama ƙasa, shi ya sa idan bawul ya lalace ba iska kaɗai ke fita ba. Gyaran kuwa yini guda ne cur: a kwance taya, majiya ƙarfi huɗu su gangara da ita wurin mai faci, a sake tif, wato robar cikin taya, a sake ɗura ruwa bokiti-bokiti, manoma na zaune a ƙofar gida suna duban hadari suna tsaki. A karo na biyun nan Alhaji ya aiko da saƙo gajere, cewa idan aka yi na uku Baba ya kawo makulli. Mu tara ne muke ci daga makullin nan.

Malam Habu aminin Baba ne tun suna samari, tare suke cin tuwo a kan tabarma ɗaya, har siyasa ta zo kowa ya liƙa hoton nasa ɗan takarar a bango. Baba ya yi lissafinsa irin na masu bincike: bawul ba ya tsagewa a gona, inda kututturen dawa suke, sai a ƙofar gida, kuma a ƙofar gida babu mai adawa da shi sai tela. Ya daina gaishe shi. Ya kai wa wani tela ɗinkinsa a Babban Giji, aka yi masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya sa abinsa haka nan saboda aƙida.

Ni kuwa shekarata tara, kuma aikina a gidan shi ne Kyalla, akuyar kakata Inna. Akuya ce mai ra'ayin kanta, wadda ba ta taɓa ganin ganye ta yi shawara da kowa ba. Kullum da la'asar Inna kan ce in fitar da ita ta sha iska, in ɗaure ta a inuwa. Babu inuwar da ta kai ta tarakta, ga shi wani lokaci idan Baba ya tsaya, tayar kan tsaya da wani ɗan ƙarfe mai sheƙi a ƙasa-ƙasa, daidai tsayin hannuna, har da 'yar hularsa da ke hana igiya zamewa. Ban taɓa ganin turke mai kyansa ba. Ranar da ya tsaya a sama sai in ɗaure ta a jikin dalbejiya, in tafi wasan carafke. A makaranta ni ce ta ɗaya a lissafi, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Ranar Alhamis ta mako na gaba turken ya sauko, na ɗaure Kyalla. Malam Habu, da abin ya ishe shi, ya tsallako da tef ɗin awo a wuya don a yi ta ta ƙare. Suna tsaye a gaban tarakta, Baba na lissafa masa hujjoji, shi kuma yana rantsuwa cewa bai ma san inda bawul yake ba, sai ga mai harawa ya wuce a kan keke. Kyalla ta zabura. Igiya ta miƙe, wani abu ya ce ɓas, ruwan da ya fi mako yana tsatsa a cikin taya ya yi tsiri ya wanke Malam Habu daga hula har takalmi. Akuyar ta bi keke, bawul na reto a ƙarshen igiyarta.

Malam Habu ya cire hularsa ya matse, ya dubi Baba ya ce, "To Malam Sule, ita kuma wace jam'iyya take yi?"

Baba ya dube ni, na dubi ƙasa. Kafin ya buɗe baki Inna ta leƙo daga zaure ta ce yarinya inuwa aka ce ta nema kuma ta samu, wanda ya kawo turke ya ajiye a ƙofar gida shi ya kamata a tambaya. Ba a ɗaukaka ƙara daga kotun Inna.

Saura maganar makulli. Malam Habu, a jiƙe yadda yake, ya rufe shago ya kirawo ƙannensa biyu, suka kwance tayar suka gangara da ita ta lungu don kada labari ya riga su isa Tarauni. A wurin mai faci ne ya nuna wa Baba ɗan ƙoƙon ƙarfen da yake sa wa yatsa saboda allura, ya tambaya me zai hana a yi wa bawul irinsa. Aka yanko guntun bututun famfo, mai walda ya liƙa shi a jikin ƙarfen tayar, ya kewaye bawul ɗin, aka bar baki a buɗe don hura iska. Washegari da sassafe Baba yana gona. Har ya bar tuƙi bawul bai sake tsage masa ba, a gida ko a cikin kututture. Alhaji da ya ga aikin ya yaba wa basirar direbansa, Baba kuma ya karɓi yabon bai yi gardama ba. Wandon nan dai ya koma hannun Malam Habu aka daidaita ƙafafun, amma hotunan bango kowa ya bar nasa.

Yanzu inda gonakin suke gidajen bene ne da shaguna, a wurin da tarakta ke kwana kuma 'yan adaidaita sahu ne ke layi. Baba da Malam Habu da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Na yi shekaru ina koyar da yara lissafi, kuma duk yaron da ya kasa ganin abin da ke gaban idonsa nakan yi masa haƙuri fiye da yadda ya zata. Idan tafiya ta kai ni ƙauye na ga tarakta a inuwa, tayar baya nake fara dubawa, sannan in waiga ko akwai akuya.