Mutumin da Ya Sa Fis a Aljihu

Ƙarfe shida da rabi na safe Baba Shekari yake fitowa daga gidansa a Trikania, tsohuwar jakarsa a ɗaure a bayan keke. Filaya, testar gwada wuta, salatif, sukundireba biyu, shi ke nan. Ko taron na ƙarfe huɗu na yamma ne, shi tun safe yana wurin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa wutar dandamali a wannan gefen kogi, irin dandamalin da ake kafawa yau a kwance gobe: wasan Kirsimeti, bikin raba kyaututtuka, taron zumuntar mata. Doka biyu gare shi. Kafin ya taɓa waya sai ya zare fis don yanke wutar, ya jefa a aljihun gaba, kuma ba a fara taro sai ya zagaya ya ɗora testa a kan kowane ƙarfe da hannun mutum zai iya kaiwa.

Malama Hajara, shugabar wata Islamiyya a Makera, ta ba ni labarin ranar saukar ɗalibanta. Masu ado sun rataye labule kusa da wata babbar fitila mai zafi. Baba ya ce a sauke, suka ce kyan wurin zai lalace. Bai yi musu ba. Ya yanki ƙyalle daga gefen labulen ya ɗora a kan fitilar. "Wallahi kafin in gama gaisawa da baƙo ɗaya ƙauri ya cika wurin," in ji ta. Ya sauya musu da fitilu marasa zafi, yara saba'in suka hau suka sauka lafiya.

To, ga abin da ya sa nake rubutun nan raina a ɓace.

Agustan bara, zumuntar matan majami'armu ta yi babban taro a Mahuta, a fili, ƙarƙashin rumfunan ƙarfe. Ni ce mai ba da waƙa. An yi ruwa da safe, ƙasa duk a jiƙe. Baba ya gama aikinsa da tsakar rana, ya gwada komai, ya tafi cin abinci. Sai mai ɗaukar bidiyo ya ce gari ya yi duhu, fuskoki ba za su fito ba. Harrison, shugaban kwamitin ado, ya sa aka kawo manyan fitilu huɗu. Aka fere waya da haƙori, aka murɗa, aka naɗe da ledar ruwa, aka ɗaure a jikin ƙarfen rumfa. Ledar ruwa, jama'a!

Baba ya dawo ana tsakiyar gabatar da baƙi. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya wuce kai tsaye ya zare fis. Lasifika ta mutu.

Harrison ya taho da gudu. "Baba, wane irin abu ne wannan? Manyan baƙi na zaune fa! Abeg mayar da wutar nan."

"Ba zan mayar ba."

"Tsufa ne ke damunka. Ba ka san kayan zamani ba, sai taurin kai."

Mata suka fara guna-guni. Wata ta ce kishi ne, don ba shi ya kawo fitilun ba. Ni ma na je, kuma ba zan ɓoye ba, da fushi na je. Na ce, "Baba, don Allah kada ka kunyata mu a gaban baƙi."

Ya dubi ƙafata. "Rhoda, ina takalminki?"

Babu. Mu idan za mu ɗauki tulun kiɗa da caki mu yi waƙa, takalmi muke fara tuɓewa, haka muka tarar ana yi. Mata arba'in ne tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba mai takalmi ko ɗaya.

Ya sa kowa ya ja da baya. Ya mayar da fis, ya ɗora testa a kan ƙarfen da ke kusa da makirufona, wanda nakan kama idan waƙa ta ɗauke ni. Testa ta kama ja wur, alamar wuta ta shiga ƙarfen. Ya sake zare fis, ya mayar aljihu, ya ɗauko tsani. Minti arba'in yana kwance shirmen da aka yi, ba wanda ya riƙe masa tsanin.

Kun san abin da aka faɗa a jawabin godiya? An gode wa masu girki. An gode wa mai kujeru, an gode wa mai bidiyo, an tafa wa kwamitin ado. Sannan aka ce a yi haƙuri da ɗan tsaikon da mai wuta ya jawo. Mai wuta! Ko sunansa ba a kira ba. Daga ranar kwamiti ya daina nemansa, wai a samo wanda ake iya magana da shi. Tun da ba a ɗauki gawa ba, sai aka ce ai dama abin bai kai haka ba. Makirufo yana hannuna a lokacin, kuma na yi shiru. Wannan shirun yana cina har yau.

Watan nan Baba Shekari ya ajiye aiki, ido ya fara ba shi wahala. Ba wanda ya kafa masa rumfar bankwana.

Baba, kai ne wanda ya yarda a zage shi a gaban baƙi don kada a yi makoki. Kai ne mai cewa a'a lokacin da kowa ke sauri. Na gode, kuma ka yafe mini.

Ku masu haɗa wuta da ke tasowa, ku koyi sa fis a aljihu, ku koyi jure zagi. Ku kuma 'yan kwamiti, idan mai wuta ya ce a dakata, ku rufe baki ku dakata, baƙi ba za su narke ba. Gidan Baba yana nan a Trikania, mai son ba shi haƙuri ya san hanya. Ni na je ranar Asabar, na gaishe shi da hannu biyu. Hannun daman, wanda na yi wannan rubutu da shi, shi ne wanda da zan kama ƙarfen nan da shi a ranar.