Mastad ɗin Maman Josephine

Malama Klaudiya ta daɗe tana koyar da yara a makarantar Lahadi a Anguwan Rukuba, kuma darasin da ta fi so shi ne misalin ƙwayar mastad da ke cikin Bisharar Matiyu, wadda ta fi kowane iri ƙanƙanta, amma in ta girma tsuntsaye kan sauka a rassanta. Ita kanta ba ta taɓa ganin mastad ba. Acca take zubawa a tafin hannu, ta ce, "Kamar wannan, amma ta Isra'ila." A allo kuwa sai ta zana wata ƙatuwar bishiya mai kama da kuka.

Da 'yarta Josephine ta rasu, aka binne ta a gidansu na Kuru, a bayan ɗaki, inda rana ke dukan ƙasa tun da hantsi. Klaudiya ta ce ba za ta bar yarinyar a rana ba. Mijinta Chollom ya kawo dashen mangwaro, ta ce ya mayar. Wata 'yar zumuntar matan coci ta dawo mata daga Urushalima da mastad a ƙullin leda, shi za a shuka.

"Maman Josephine, mangwaro dai mun san halinsa."

"Baban Josephine, ka fi Matiyu sani ne?"

Ta shuka da ruwan farko. Ta sa Chollom ya kewaye wurin da shinge mai faɗi, har ta gargaɗi maƙwabci cewa wata rana rassa za su taɓa masa kwano.

Abin ya tsiro, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya yi fure rawaya, ya tsaya. Chollom kan ajiye kujera a gindinsa, ya zauna yana gumi.

"Me kake yi a nan?"

"Inuwa nake sha, Malama."

Da damina ta wuce, shukar ta bushe ƙarau. Klaudiya ta daina leƙa bayan ɗaki, a coci kuma ta tsallake darasin. Chollom ya ɗauke kujerarsa, ya bar tsokana.

Ashe kafin shukar ta bushe ta zubar da 'ya'ya. Da ruwa ya dawo, mastad ya cika shingen gaba ɗaya, ganye kan ganye, har ba a ganin ƙasar kabarin. Chollom ne ya fara gani, ya kira ta. Ta durƙusa, ta cusa hannu a ƙarƙashin ganyen, ta ji ƙasar da sanyi, ga kuma rana tsaka.

Ya yi gyaran murya. "Har yanzu dai bai isa mutum ya tsaya a ƙarƙashinsa ba."

"Wadda na shuka wa ba a tsaye take ba," in ji ta. "Matsa, kana taka mini."