Kwalabe Huɗun da Yaya Raïmatou Ta Bari

Ranar Talata, 10 ga Yuni 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Yaya Raïmatou Badarou a gidansu da ke Zongo, ba tare da wata jinya ba. Shi Ya ba mu ita, kuma gare Shi ta koma.

Yaya, shekara tara muna aiki tare a ɗakin bincike a unguwar Akpakpa, inda kike kiwon wata bakteriya da kika samo a ƙasar bakin fadama a Zogbo. Zare-zare take tsirowa cikin romon da muke ciyar da ita, a kwalaben da na'ura ke girgizawa, tana fitar da abin da muke fatan zai zama maganin ƙwayoyin cuta masu taurin kai. Ke kika koya mini cewa idan zaren ya dunƙule da ƙarfi, cikinsa shaƙewa yake yi ya mutu, idan kuma ya tsinke kamar koko, ba ya ba da magani. Tsakiyar ake nema, kuma ke kaɗai kika iya gane ta. Sai ki karkata kwalba a hasken taga ki ce, "Ikram, yau za a sauya mata romo, gobe an makara." Na sha tambayarki yadda kike ganewa, ki yi dariya ki ce idona ne ke da gaggawa.

Ranar da na bar murfi a buɗe kwalba shida suka lalace, sai kika tura ni cin abinci, kika wanke su da hannunki.

Irin bakteriyar da muka ajiye a frigo, wato firiji, ya mutu a watan Afrilu da wuta ta ɗauke. Kwalba huɗu suka rage, kika ce bayan Layya za ki sabunta ajiya. Litinin kika zuba musu sabon romo, Talata kika tafi. Dukkanmu muka tare a gidanku zaman makoki na kwana uku. Ranar Alhamis na tuna lokacin sauya romo ya yi, amma mahaifiyarki tana riƙe da hannuna, na kasa tashi. Da na je Juma'a, na tarar zaren kwalaben ya dunƙule kamar ƙwayar gero.

Uku sun mutu. Ta huɗun sau uku ina sauya mata romo, ba ta tsiro ba, ba ta ruɓe ba. Ban san ko tana raye ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Wallahi na rasa yadda zan yi, Yaya.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa abin da kika yi wa mutane ya tarye ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Razak, da 'ya'yanki Hanane da Fadel. Allah Ya ba mahaifiyarki Hajiya Sahadatou haƙuri. Har yau tana yi mini godiya da ban tashi daga gefenta ba.