Kifin Yallaɓai

Ban taɓa mantawa da wata Talata ba, shekara biyu kafin ritayata. Ni direba ne a wata ma'aikata a nan Kaduna, mataki na huɗu, wato na kusa da ƙasa. Bokona a aji uku ya tsaya.

Daraktan da nake tuƙawa yana fama da ciwon ɓarin kai. In ya tashi, sai an kashe fitila an ja labule. Likita ya ce ya rage soye-soye, ya riƙa cin kifi mai maiƙo irin taitus, ko ciwon ya rage yawan tashi. Kullum da azahar nakan je Kurmin Mashi in karɓo kular abincinsa a hannun matarsa Hajiya Rabi.

To, ƙamshin nan a cikin mota, ga cunkoso. Na fara da wutsiya. Kafin mako ya zagayo ina cinye kifin duka, in tsaya Babbar Kasuwa in cike gurbin da soyayyen nama. Yallaɓai bai taɓa cewa uffan ba.

Bayan wata uku, a Talatar nan, na kai shi da Hajiya asibiti, na shiga musu da jaka. Likita ya tambayi abinci. Hajiya ta rantse ba ta taɓa fashin kifi ba. Likita ya ce tunda ciwon ƙaruwa ma yake yi, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a duba ko wani abu ya tsiro.

Hajiya ta fashe da kuka. Ni kuwa na shiga lissafi. In na yi magana aikina ya tafi, ga ritaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Likita, a gafarce ni. Kifin nan yana cikina."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Malam Sale! Da furfurarka?"

Na rufe ido ina jiran kora. Sai na ji Yallaɓai ya yi gyaran murya.

"Rabi, ƙyale shi. Tun makon farko na sani. Motar ƙarni take yi. Ni naman nake so."

Wallahi har likita sai da ya ajiye biro.

Hoton dai an ɗauka, ba a ga komai ba, alhamdulillahi. Ni kuwa a nan na gane duk abin da aka miƙa wa direba amana ne, ko da maigida yana taya shi ci.

Washegari Hajiya ta miƙo min kula biyu, ba ta ko dube ni ba.

"Ƙaramar ta ɓarawo ce. Babbar kuma a gabanka zai cinye, ka kira ni in ji."