Kofur Bai Kai Ranar Yayewa Ba

Jiya Laraba makarantar horar da 'yan sanda ta kawo akwatinka gida. Ka faɗi a filin fareti ranar Litinin da hantsi, ana atisayen bikin yaye ku, kuma kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗan ƙanwata ne kai. Tun kana firamare muke ce maka Kofur, saboda ba a faɗa a layinmu ba ka shiga rabo ba, ko da kuwa kai za ka kwashi duka. Da ka zo hutu kana kurtu, takalman gidan duka ka goge, har da silifas ɗin kakarka. Mahaifiyarka ta ce, "Kofur, ranar da aka ba ka kaki, fara kama mai shanye mini sukari." Ka ƙame, ka sara mata, ka ce, "Ranki ya daɗe, mai laifin ya miƙa kansa."

Abokin ɗakinka, wanda ka riƙa ɗaukar wa jaka a gudun safe lokacin da ya yi targaɗe, shi ya faɗa mini sauran. A makarantar, kurtun da ya daɗe kwance a asibiti sai ya jira rukuni na gaba, don haka kowa ɓoye ciwonsa yake. Zazzaɓi ya ci ka kwana da kwanaki. Abokin naka ya ce mini, "Kawu, wallahi mun ce ya je. Ya ce bayan fareti in sun ga dama su kwantar da shi shekara."

Tun ranar jana'iza tambaya ɗaya mahaifiyarka ke yi mini: "Yaya, kai da ka san manya, ɗana ɗan sanda ya rasu ko kurtu?" Na tsufa a aikin jarida ina tambayar hukumomi. Wannan karon na je ofis uku, kowane ya nuna mini ƙofar gaba.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Allah ya ba mahaifiyarka da ƙannenka da abokan horonka haƙuri.

Ranar Asabar za a yaye rukuninku. Wani malaminku ya ce ana duba yiwuwar kiran sunanka tare da nasu. Har yanzu shugaban makarantar bai tabbatar ba.