Dodon Roba da Rimot ɗin Juma'a

A shekarar da aka sassauta kullen korona, ina gadi a gidan wani likita ɗan ƙasarmu a unguwar Aziziya, can ƙasar Larabawa. Duk Juma'a bayan tuwon rana abokansa kan taru a falo, kuma ni ke riƙe rimot, ni ke zaɓen fim. Muƙamin nan ban same shi a banza ba. Karatuna aji uku ne, amma na yi shekaru ina sharar gidan silima a Kano.

Wata rana na zaɓo musu fim ɗin 'yan sama jannati, dodo ya shiga kumbonsu yana cinye su ɗai-ɗai. Tsakani da Allah, dodon kamar da tsohuwar tayar mota aka ɗinka shi. Abokin maigida, wani injiniya, ya yi barci baki buɗe. Likita kuwa tun farko aka kira shi asibiti, ya ce zai ƙarasa daga baya.

Juma'a ta zagayo, Likita ya ɗaga wayarsa yana nuna min. "Baba, masana fim sun yi wa zaɓinka kaca-kaca. Wani ya rubuta wai kujerun kumbon sun fi jarumin iya wasa. Ni ma na kalla har ƙarshe, gaskiyarsu ne. Kawo rimot, Injiniya zai riƙe."

Na gyara hula. "Ranka ya daɗe, masanan nan ba su san aiki ba. Laifin mai gadin kumbo ne. Baƙo ya taso daga wata duniya, ba a auna zafin goshinsa ba, ba a ce ya nuna koriyar alamar nan ta gwajin korona a waya ba, aka buɗe masa ƙofa. Ni ko mai kawo gas ba ya wuce ni haka."

Aka yi dariya, amma hannun Likita na nan a miƙe yana jiran rimot.

Na ce, "To, tunda ka kalla, yaya aka kashe dodon?"

Ya ɗan duba wayar. "Wuta suka cinna masa."

Injiniya ya gyaɗa kai, wai shi ma shaida ne.

"Dodon bai mutu ba, ranka ya daɗe. Shi ya tuƙo kumbon gida."

Daga kicin uwargida ta ƙyalƙyale da dariya. "Khalas, ya isa haka, Dakta, bar wa Baba kayansa."

Rimot bai bar hannuna ba sai da gasar kofin duniya ta zo kowa ya koma ƙwallo. A waccan Juma'ar kuwa kashi na biyu na fim ɗin na kunna musu, wanda masanan suka ce ya fi na farko muni. Likita ya zauna har ƙarshe, waya a aljihu.